Magagin ciwo da abin da yake bari a baya: halin waɗanda suka fito da rai daga sashen farfaɗowa

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayani ne a kan ruɗewar da hankalin mutum yake shiga idan ciwo mai tsanani ya kai shi sashen farfaɗowa na asibiti, da kuma abin da ruɗewar take bari bayan an sallame shi. Mun fara da matsalar suna, sa'an nan muka bi binciken da aka yi a Amurka da Ingila da Faransa daga shekarar 2000 zuwa 2021. Abin da muke so mu nuna shi ne tabon da ake fitowa da shi iri biyu ne, na ƙwaƙwalwa da na zuciya, kuma hanyar da kowannensu yake bi daban take. Daga ƙarshe mun duba gurbin da harshe yake da shi wajen gane wannan hali da kuma warkewa daga gare shi.

1. Gabatarwa

A shekarar 1952 annobar shan-inna ta auka wa birnin Kofanhagin na ƙasar Danmak. Waɗanda cutar ta kama musu naman numfashi suna ta mutuwa, kusan kashi 90 cikin 100. Sai wani likita mai sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawara a huda maƙogwaron majinyaci, a sa tiyo, a riƙa tura masa iska da jakar roba. Ɗaliban likitanci ɗaruruwa suka riƙa karɓa-karɓa, dare da rana, suna matsa jakar da hannu, har mace-macen suka sauko zuwa kusan kashi 40. A 1953 Ibsen ya buɗe sashe na musamman domin irin waɗannan majinyata. Daga nan ne aka sami abin da Faransanci yake kira réanimation, wanda a cikin wannan ƙasida za mu kira sashen farfaɗowa, watau ɗakin da ake kwantar da wanda numfashinsa ko zuciyarsa ko ƙodarsa suka kasa, na'ura tana yi masa aikinsu kafin jiki ya dawo.

Shekaru da dama ma'aunin aikin wannan sashe ɗaya ne tak: majinyaci ya fita da rai ko bai fita ba. Ba laifi ba ne, tunda wanda yake fama da kashe gobara ba ya tsayawa lissafin toka. Amma da yawan masu tsira ya ƙaru, sai likitoci suka fara haɗuwa da mutanen da suka ceto, wata shida ko shekara bayan sallama, suna kukan mantuwa, da rashin barci, da tsoron da ba su san mafarinsa ba. A 2010 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta kira taro a kan batun, kuma a rahoton da aka buga a 2012 aka raɗa wa matsalolin suna ɗaya, wanda ma'anarsa ita ce ciwon bayan farfaɗowa. Ya ƙunshi raunin jiki, da raunin tunani, da damuwar rai. Biyun ƙarshe su ne abin dubawarmu a nan.

2. Matsalar suna

Kafin mu shiga cikin bayani ya kamata mu daidaita kalmomi, domin mai karatu da ya yi ilminsa da Faransanci yana iya faɗawa wani rami. Kalmar da likitocin duniya suke amfani da ita ita ce delirium, daga Latinanci delirare, watau garma ta kauce daga layin huɗa. Faransanci ya gaji délire daga wannan tushe, amma a bakin likitocin ƙwaƙwalwa na Faransa délire tana nufin gurguwar fahimta da mutum yake riƙewa ƙam alhali idonsa biyu, kamar mai cewa ana farautarsa. Abin da muke magana a kansa su suna kiransa confusion mentale, sunan da ya kafu tun littafin da Philippe Chaslin ya buga a 1895. Duk wanda ya fassara delirium da délire, sa'an nan ya juya délire zuwa Hausa da hauka, ya yi kuskure sau biyu.

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kowace da iyakarta. Hauka da taɓin hankali suna nuna hali mai ɗorewa, kuma suna ɗauke da abin kunya da yake bin mutum har wajen neman aure. Sambatu ya tsaya ga magana kawai, alhali mafi yawan majinyatan da muke nufi ba sa iya magana saboda tiyon da ke bakinsu. Suma da dogon suma suna nufin hankali ya tafi ɗungum. Ruɗewa da ɗimuwa sun yi faɗi, ana iya yinsu a kasuwa. Kalmar da ta fi kusa ita ce magagi, halin wanda aka tasa daga barci mai nauyi: ido a buɗe, amma bai san inda yake ba, bai tantance wanda ke gabansa ba, yana iya faɗin abin da ba shi da kai, kuma abin yana wucewa. Don haka muka zaɓi magagin ciwo. Amfaninsa shi ne kowa ya taɓa yin magagi, ba wanda yake jin kunyar faɗinsa.

3. Kamanninsa, dalilansa da yadda ake gane shi

Magagin ciwo yana da alamomi huɗu. Na ɗaya, yana zuwa ne farat ɗaya, cikin sa'o'i ko ƴan kwanaki, kuma yana hawa yana sauka: wanda ya gane matarsa da hantsi yana iya kasa gane ta da almuru. Na biyu, wanda shi ne ginshiƙi, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na uku, farkawar mutum takan canza, ko dai ya yi nauyi ko ya yi zumbur fiye da kima. Na huɗu, tunani yakan warwatse. Sau da yawa akan sami gane-gane da jiye-jiye a kan waɗannan.

Jama'a sun fi sanin mai fizge-fizge, wanda yake ƙoƙarin tumɓuke tiyo ko dirowa daga gado. Amma a wani bincike da aka buga a 2006 a jami'ar Vanderbilt da ke birnin Nashbil na Amurka, masu fizge-fizge zalla ba su kai kashi 2 cikin 100 na masu magagin ba. Sauran ko dai masu shiru ne, ko masu jujjuyawa tsakanin shiru da fizga. Mai shiru yana kwance lamo, ba ya damun kowa, ana cewa yana hutawa, alhali a cikin kansa yana iya kasancewa a tsakiyar tashin hankali. Shi ya sa idan ba a gwada ba, yawanci ba a ganewa.

Dalilansa sukan taru ne su yi yawa. Akwai waɗanda majinyaci ya zo da su, kamar tsufa, da raunin ƙwaƙwalwa na da, da shan giya. Akwai na ciwon kansa: yaɗuwar ƙwayoyin cuta cikin jini, da kumburin da jiki yake tayarwa domin yaƙarsu wanda yake isa har ƙwaƙwalwa, da ƙarancin iskar oksijan, da faɗuwar bugun jini, da gubar da take taruwa idan ƙoda ko hanta suka kasa. Akwai kuma na jinyar: fitilar da ba ta mutuwa, da ƙarar na'urori, da barcin da ake yankewa, da ɗaure hannu, da magungunan sa barci. A 2006 Pratik Pandharipande da abokan aikinsa sun nuna cewa maganin lorazepam, ɗaya daga cikin dangin benzodiyazefin, yana ƙara yiwuwar shiga magagi washegari, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon haɗarin.

A 2001 aka fito da ma'auni biyu da ma'aikacin jinya zai iya amfani da su a bakin gado, ɗaya daga Monreyal ta Kanada, ɗaya kuma daga Nashbil a hannun Wesley Ely, wanda ake kira CAM-ICU. Na biyun an tsara shi ne domin wanda ba ya iya magana. Ana karanta masa haruffa goma ɗaya bayan ɗaya, misali na kalmar CASABLANCA, a ce ya matse hannun mai gwaji duk lokacin da ya ji harafin A. Kuskure fiye da biyu yana nuna hankali ba ya tsaye. Sa'an nan a yi masa tambayoyi huɗu na i ko a'a, irin su ko dutse yana tasowa a kan ruwa, ko akwai kifi a teku. Za mu komo kan wannan gwaji a sashe na 7.

Da wannan ma'auni ne Ely ya bi majinyata masu na'urar numfashi a binciken da ya buga a 2004. Cikin 224 da suka farka har aka iya gwada su, 183 sun yi magagi, watau fiye da kashi 80 cikin 100. Bayan wata shida, kashi 34 na waɗanda suka yi magagi sun rasu, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kashi 15 ne. Tun daga nan aka daina ɗaukar abin a matsayin ƴar ruɗewar da take wucewa da kanta, aka fara kallonsa a matsayin gazawar ƙwaƙwalwa, kamar yadda ƙoda ko huhu suke gazawa.

4. Tabo na farko: ƙwaƙwalwa

Binciken da ya fi kowane tasiri a nan shi ne wanda aka yi a asibitoci biyu na Nashbil, aka buga a 2013 ƙarƙashin jagorancin Pandharipande. An bi mutum 821 da aka kwantar saboda gazawar numfashi ko faɗuwar bugun jini. Kashi 6 cikin 100 ne kawai suke da raunin tunani kafin ciwon. Kashi 74 sun yi magagi a asibiti. Bayan sallama aka gwada waɗanda suka rayu a wata na 3 da wata na 12, ta fuskar tuna abu, da tsayar da hankali, da harshe, da iya tsara aiki.

A wata na 3, kashi 40 cikin 100 sun sami maki daidai da na mutanen da suka bugu a kai bugu matsakaici, kuma kashi 26 makinsu ya yi ƙasa har ya kai na masu cutar Alzaima a farkonta. A wata na 12 alƙaluman ba su sauka sosai ba: kashi 34 da kashi 24. Abubuwa biyu suka fi jan hankali. Na farko, raunin bai tsaya ga tsofaffi ba, har ƴan ƙasa da shekara 50 ya shafa. Na biyu, gwargwadon yawan kwanakin da mutum ya yi cikin magagi, gwargwadon raunin tunaninsa bayan shekara, ko da an cire tasirin shekaru da ilmi da tsananin ciwo daga lissafi. Wani ƙaramin bincike na wannan rukuni, na 2012, da ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 47, ya tarar cewa masu dogon magagi ƙwaƙwalwarsu ta fi motsewa.

A nan sai mu yi hattara da kalmar dalili. Waɗannan bincike sun nuna cewa dogon magagi da raunin tunani suna tafiya tare. Ba su tabbatar da cewa magagin shi kaɗai ne ya haifi raunin ba, tunda yana iya zama alamar ɓarnar da ciwon yake yi wa ƙwaƙwalwa. Ko wanne ne, ga majinyaci sakamakon ɗaya ne. Malami ya koma aji ya tarar ba ya iya riƙe zaren darasi, ɗan kasuwa ya kasa lissafin da a da yake yi da ka, uwar gida ta ɗora tukunya ta manta. Jiki ya warke, mutane suna barka, shi kuwa ya san ba shi ne na da ba. Wani nazari na 2020 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna cewa cikin waɗanda suke da aikin yi kafin ciwon, kusan kashi 40 cikin 100 ba su koma aiki ba bayan shekara guda.

5. Tabo na biyu: zuciya da abin da ake tunawa

Tabo na biyu ya ƙunshi abu uku: fargaba, da ƙuncin rai, da ciwon firgici, watau wanda yake biyo bayan masifa, inda abin da ya faru yake ta dawo wa mutum a farke da cikin mafarki, yana guje wa duk abin da zai tuna masa, yana zabura da ƙaramin motsi. A wani bincike da aka buga a 2018 a Birtaniya, inda mutum kusan 5,000 da suka fito daga sashen farfaɗowa suka amsa takardar tambayoyi, kashi 46 cikin 100 sun nuna alamun fargaba, kashi 40 na ƙuncin rai, kashi 22 na firgici. A rukunin Nashbil da muka ambata, rahoton 2014 ya sami ƙuncin rai a kashi 37 a wata na 3 da kashi 33 a wata na 12, firgici kuwa kashi 7 kawai. Bambancin alƙaluman firgici ya danganta da irin mutanen da aka bi da kuma ma'aunin da aka ɗauka, domin amsa takarda daban, ganewar likita daban.

Abin lura shi ne, dangantakar da aka gani ƙarara tsakanin tsawon magagi da raunin ƙwaƙwalwa ba a same ta da wannan ƙarfi ba tsakaninsa da firgici. Hanyar firgici ta bi ne ta wani wuri, watau ta abin da mutum ya fito yana tunawa. Wannan shi ne abin da Christina Jones da Richard Griffiths suka gano a wani asibiti kusa da Libaful ta Ingila, suka buga a 2001. Sun tambayi mutum 45 mako biyu bayan fitowarsu, suka rarraba abin da suke tunawa gida uku: abin da ya faru da gaske, kamar fuskokin dangi da ƙarar na'ura, abin da aka ji a jiki da rai, kamar zafi da tsoro, da abin da bai faru ba, watau mafarkai da gane-gane da zaton ana so a cuce su. Mutum 33 suna da irin na uku. A cikin waɗannan, tara ba su tuna kome na gaskiya ba, kuma su ne suka fi fargaba a mako na biyu, suka fi nuna alamun firgici a mako na takwas. Ƙari a kan haka, tunawa da abin gaskiya tana dusashewa da tafiyar lokaci, ta abin da bai faru ba kuwa tana nan daram.

Wannan sakamako ya juya wata tsohuwar fahimta. A da ana ganin jin ƙai ne a nutsar da majinyaci cikin barci domin kada ya tuna kome. Ashe magungunan suna hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ke faruwa a waje, amma ba sa hana ta ajiye abin da take ƙagawa a ciki. Kuma abin da take ƙagawa daga kayan ɗakin take ɗiba. Wanda aka ɗaure wa hannu domin kada ya cire tiyo yakan tuna an sace shi an ɗaure. Wanda ake yi wa allura yakan tuna ana ba shi guba. Wanda aka tura cikin na'urar ɗaukar hoto yakan tuna an rufe shi da ransa. Mai mafarkin dare yana farkawa ya ga ɗakinsa ya ce ashe mafarki ne. Wannan kuwa ya farka ne bayan mako biyu ko uku da ba shi da labarinsu sai wannan, don haka ba shi da abin da zai gwada shi da shi. Ko tunawa mai ɗaci ce, in dai ta gaskiya ce, takan zama turken da yake ɗaure sauran.

Da yawa ba sa faɗa wa kowa. Wani yana tsoron a ce ya taɓu, wani yana jin nauyin ya ce ya ga ɗan'uwansa cikin masu cutar da shi, wani kuma yana ganin butulci ne ya yi kuka bayan an ceci ransa. Shirun nan shi yake sa abin ya daɗe.

Dangi ma ba su tsira ba. A 2005 Élie Azoulay da abokan aikinsa sun bi dangin majinyata 284 daga sassan farfaɗowa 21 na Faransa, suka tarar kwana 90 bayan sallama ko rasuwa kashi ɗaya cikin uku suna da alamun firgici, musamman waɗanda suka ga ba a yi musu cikakken bayani ba. Ke nan a gida ɗaya ana iya samun mutum biyu masu rauni: wanda ya ga kome bai manta ba, da wanda bai ga kome ba sai abin da bai faru ba.

6. Abin da aka jarraba

Ƙwaya ba ta ba da abin da aka sa rai ba. An daɗe ana ba masu magagi haloperidol, amma a gwajin da Timothy Girard ya jagoranta, aka buga a 2018, a kan mutum 566, shi da wani magani ɗan'uwansa ba su rage kwanakin magagi ba idan aka gwada da maganin bogi. Abin da ya fi amfani shi ne canza yadda ake jinyar. A 2000 wani gwaji a Shikago ya nuna cewa tsayar da maganin barci sau ɗaya kullum har majinyaci ya farka yana rage kwanakinsa a kan na'ura. A 2009 wani gwajin, a kan mutum 104, ya nuna cewa tayar da majinyaci zaune da motsa masa jiki tun yana kan na'ura ya rage kwanakin magagi daga 4 zuwa 2. A yau an haɗa waɗannan cikin tsari ɗaya: a kula da zafin ciwo tukuna, a rage maganin barci, a gwada magagi kullum, a motsa jiki da wuri, a shigo da dangi.

Batun dangi yana buƙatar a faɗe shi daidai. A wani gwaji da aka yi a sassa 36 na ƙasar Burazil, aka buga a 2019, tsawaita lokacin ziyara bai rage magagi ba, amma ya rage fargaba da ƙuncin rai na dangin. Lokacin annobar korona kuwa, da aka rufe ƙofofi aka koma ga barci mai nauyi, binciken da aka buga a 2021 a kan mutum 2,088 a ƙasashe 14 ya sami magagi a kashi 55 cikin 100. Benzodiyazefin ya tafi tare da ƙarin haɗari, ziyarar dangi kuwa, ko da ta waya ce, ta tafi tare da raguwarsa.

Dabarar da ta fi kusa da fanninmu ita ce littafin kwanakin jinya, wanda aka fara a ƙasashen Turai ta arewa, Danmak da Suwidin da Norwe. Ma'aikatan jinya da dangi suna rubuta wa majinyaci, da magana mai sauƙi, abin da ya faru kowace rana: yau an sa maka tiyo saboda kaza, yau ɗiyarka ta zo, yau ka buɗe ido. Bayan ya warke sai a ba shi. A gwajin da Jones ta jagoranta a ƙasashen Turai shida, aka buga a 2010, a kan mutum 352, sabon ciwon firgici ya kama kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka ba littafin, da kashi 13 na waɗanda ba a ba. Sai dai gwaji mafi girma, wanda Maïté Garrouste-Orgeas ta jagoranta a sassa 35 na Faransa, aka buga a 2019, a kan mutum 657, bai sami bambancin da za a dogara da shi ba: kusan kashi 30 da kashi 34. Akwai bambanci a yadda aka yi gwaje-gwajen biyu. A na farko, ma'aikaci yakan zauna da majinyaci wata ɗaya bayan fitowarsa su bi littafin tare. A na biyu, miƙa masa aka yi tun wajen sallama ba tare da irin wannan zama ba. A fahimtarmu, wannan yana nuni da cewa amfanin yana cikin hirar da ake yi a kan littafin fiye da cikin takardar kanta.

7. Gurbin harshe

Mafi yawan alƙaluman da muka kawo daga Amurka da Turai da Burazil suke, kuma ba daidai ba ne a ɗauke su a ɗora wa wani wuri yadda suke. Amma akwai abu biyu da suka shafi duk inda likita da majinyaci suke magana da harsuna daban, kamar yadda yakan faru a asibitocinmu, inda karatun likita da Faransanci yake, majinyaci kuwa da Hausa ko Zabarmanci yake tunani.

Na farko shi ne gwajin. CAM-ICU gwaji ne na harshe daga farkonsa har ƙarshensa. Cewa a matse hannu idan an ji harafin A yana ɗauka ne cewa mutum ya san sunayen haruffan boko. Wanda karatunsa na allo ne, ko wanda bai yi karatu ba, zai faɗi gwajin alhali hankalinsa garau yake. Masu ma'aunin sun tanadi gwaji na hotuna a madadin haruffa, amma shi ma sai hotunan sun kasance na abubuwan da mutum ya sani. Tambayar kifi a teku ma, ga wanda bai taɓa ganin teku ba, gulbi ko tafki sun fi. Fassara irin wannan ma'auni aiki ne na haɗin gwiwa: masanin harshe ya nemo abin da zai maye gurbin haruffa, kamar jerin lambobi ko kalmomi gajeru da ake jiran ɗaya daga cikinsu, likitoci kuma su gwada sabon ma'aunin a kan majinyata kafin a amince da shi.

Na biyu shi ne labarin. Idan gaskiya ne cewa abin da yake taimakon mai firgici shi ne ya sami tsararren labarin kwanakin da suka ɓace masa, to ba dole ne labarin ya kasance a rubuce ba. A wurinmu da wuya majinyaci ya kwanta ba tare da mai jinya daga dangi ba, kuma wannan mai jinya shi ne littafin. Abin da ya rage shi ne ya san cewa labarin da ke bakinsa yana da amfani, domin al'ada takan sa a ce wa wanda ya tashi ya bar tuna baya, ya gode wa Allah. Godiya wajibi ce, amma ba ta hana a gaya masa ranar da aka kawo shi, da dalilin ɗaure masa hannu, da waɗanda suka zo dubiya, kuma a saurari abin da shi ya gani ba tare da dariya ko tsawa ba.

8. Kammalawa

Mun ga cewa magagin ciwo yana kama mafi yawan waɗanda aka sa wa na'urar numfashi, kuma yawanci a ɓoye. Mun ga tsawonsa yana tafiya tare da raunin tunani da yake kai shekara, firgici kuwa ya fi bin abin da mutum ya fito yana tunawa da giɓin da ke cikin tunawar. Rage na farko aikin likitoci ne a bakin gado. Na biyun yana da rabon da ya faɗo wa masu nazarin harshe, ta wajen samar da suna da ba ya kunyata mai shi, da ma'auni da ya dace da mai jin Hausa. Sunan magagin ciwo shawara ce muka kawo, kuma muna fatan abokan aiki na sashen likitanci da ɗalibai masu neman batun bincike za su gwada shi a bakin majinyata da danginsu, su ga ko ya zauna.